Na Je Sinnar Roƙon Inna Ta Shiga Ɗaki

Ranar Alhamis, muna sallame sallar asuba, muka bar ƙauye. Mu biyu ne, ni da maƙwabcina wanda hawasharsa take jikin tawa, wato filin da hukumar Jazira ta nan Sudan ta ba kowannenmu yana noman auduga da dawa. Shi haƙori ne ya tashe shi, zai je asibitin Sinnar a cire masa. Ya naɗe muƙamuƙinsa da rawani, kuma tun da muka fara noma kusa da juna ban taɓa jin ya yi shiru irin na ranar ba. Na tausaya masa, amma kunnuwana sun huta.

Ni abin da ya tashe ni daban ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu don a san inda aka dosa. Ina da aboki a Sinnar, yana aiki a madatsar ruwa. Aboki nake ce masa, amma ya wuce haka, don uwata ta rasu ina jariri, uwarsa ce ta shayar da mu tare. Inna muke kiranta mu duka biyun. Ya daɗe yana cewa in zo in ga birni ina ce masa sai aiki ya yi sauƙi. A wannan karon ya aiko direban lori da saƙon baki: Inna tana tari tun sanyin da ya wuce, ya gina mata ɗaki na jan bulo, ta ƙi shiga, ga damina ta ƙarato. In zo in yi mata magana, wai tana jin tawa.

Wanda ba a cikinmu ya tashi ba zai ce mene ne abin roƙo a shiga ɗaki mai kyau. To ga yadda abin yake. Iyayenmu da suka baro ƙasar Sakkwato ba su fito don su zauna a Sudan ba. Makka suka nufa. Guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya su yi noman shekara ɗaya su wuce, shekara ɗaya ta zama abin da ta zama. Saboda haka tsofaffinmu ba sa gina ɗaki mai ƙarko. Bukkar kara da ciyawa suke yi, abin da za a iya bari gobe ba a waiwaya ba. A wurinsu wanda ya kafa bulo ya faɗa wa Allah da mutane cewa ya fasa. Inna ta fito tana amarya, mijinta ya rasu a nan, yanzu ta haura saba'in, kuma har yau idan aka tambaye ta ina ne garinsu sai ta ce tana kan hanya.

Da farko mun taka da ƙafa zuwa bakin babbar tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, inda lori ke tsayawa. Muka same shi cike da buhunan dawa, a kan buhunan mutane, a tsakanin mutanen awaki biyu da ba su yarda da tafiyar ba. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara. Na tambayi dalili, direba ya ce taya ta yi tsada, na duba tayoyinsa ban ga wadda aka saya a wannan zamanin ba. Hanyar tana bin gefen ruwa miƙe kamar an ja zare. Dama da hagu filayen auduga ne, an gama tsinka, an tuge itacen an ƙone, sai toka da baƙar ƙasa da ta tsattsage tana jiran ruwa. Balbelu sun yi layi a bakin tur'a. Can kudu kuma hadari ya fara taruwa, fari-fari, bai yi nauyi ba tukuna. Duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai Inna ta faɗo mini.

Da hantsi muka tsaya a wata 'yar kasuwa. Na ci wake da man riɗi da burodi, na sha shayi mai kanumfari. Maƙwabcina ya zauna yana kallon bakina. Wani Balarabe mai awakin nan ya matsa mana a inuwa yana cewa mu zauna, ya Hajji. Haka suke kiranmu duka a ƙasar nan, wanda ya je da wanda bai taɓa ganin teku ba.

Mun shiga Sinnar kafin azahar. Na raka maƙwabcina ƙofar asibiti, muka yi alkawarin haɗuwa a tashar lori ranar Asabar, sannan na nemi unguwar da abokina yake. Na same shi a ƙofar gida yana jirana, hannunsa baƙi da man inji. Ya ƙara ƙiba. Na gaya masa haka, ya ce ni kuma na ƙara tsawo ne don babu inda zan ƙaru sai sama. Na ce ashe shi ke riƙe da ƙofar ruwan da ke zuwa hawashata, yanzu na gane abin da ya sa kullum yake makara. Muka yi dariya, muka shiga.

Gidan na danga ne kamar na kowa, sai dai a tsakiyarsa ga ɗaki ɗaya na jan bulo, rufin kwano, da ƙofa mai koren fenti. An share shi, an sa sabon angarib, wato gadon igiya, da tabarma. Babu kowa a ciki. A gefensa, kusan jingine da bangonsa, wata bukka ce ta karan dawa wadda rana ke shiga ta rufinta. Daga ciki na ji tarin kafin in ga mai shi.

Na cire takalmi na durƙusa. Ta rame ƙwarai, amma idonta na nan. Ta kama kunnena kamar yadda take yi muna yara, ta tambayi matata da 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi auduga. Sannan ta ce, "An aiko ka, ko?" Na ce na zo ganin birni. Ta ce to in je in gani, birni na nan waje.

Matar abokina ta kawo kisra, wato gurasar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa busasshiya, ta kawo wa Inna tuwon dawa da miyar kuka, don har yau ba ta yarda kisra abinci ba ce. Tana cewa wanki ne aka shanya. Jikokinta suna kewaye da ita suna mata Larabci tana amsa musu da Hausa, kuma kowa na fahimtar kowa.

Bayan la'asar na zauna a bakin bukkarta na yi abin da aka kira ni in yi. Na shirya maganata tun a cikin lori. Na farko, na ce mata jiki amana ne, kuma tarin nan ba zai jure damina a ƙarƙashin rufi mai yoyo ba. Na biyu, na ce niyya a zuciya take, ba a bango ba. Na uku, na ce ɗanta ya sha wahala ya gina, ƙin shiga zai zame masa abin faɗa a unguwa. Ta saurare ni har na kai aya, ba ta katse ni ba. Sai ta nuna mini wani ƙunshi a ɗaure a kan gadonta wajen kai, wanda na san shi tun ina yaro ban taɓa ganin cikinsa ba.

"Ran da munka taso, malam maigidana ya ce mini kada in kwance wanga sai mun isa," in ji ta. "Shi ya kwanta, ni ban isa ba. In na shiga ɗakin bulo, mi zan ce mishi?"

Ba ni da na huɗu. Na tashi na je na yi alwala.

Ranar Juma'a da safe abokina ya ce tunda maganar ta ƙi, aƙalla in ga abin da na ce na zo gani. Muka fara da madatsar ruwa. Na sha jin labarinta, amma ji daban gani daban. Katanga ce ta dutse da ta tare kogin Nilu daga wannan gaɓa zuwa waccan, mutum ya yi ta tafiya a kanta har ya gaji. A bayanta ruwa ya kwanta shiru kamar fadama, a gabanta yana fita ta ƙofofin ƙarfe da ƙarar da sai an ɗaga murya ake jin juna. A samanta kuma an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ya nuna mini ƙofofin da yake shafa wa mai, ya nuna mini bakin babbar tur'a, inda ruwan da nake jira a ƙauye yake farawa. Na tsaya na dube shi da kyau. Shekaru ina faɗa da maƙwabta a kan wannan ruwa, ban taɓa tunanin yana da mafari ba.

A ƙasan madatsar masunta ne a cikin ƙananan jirage, kuma da muka sauka sai na ji Hausa suke yi. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma yana kan hanya, kifi ne kawai ya riƙe shi. Muka sayi ƙarfasa biyu manya. Daga nan muka ratsa kasuwa: layin masu yadi, layin masu tukwanen gahawa, rumfunan riɗi da ƙaro da barkono. Komai ya fi na ƙauye tsada sai albasa. Sannan wani mai karo, wato keken da jaki ke ja, ya kai mu bayan gari inda tsohuwar Sinnar take, wadda aka ce sarakunan dā sun zauna. Ba abin da ya rage sai tuddai da fasasshen jan bulo a warwatse, awaki na kiwo a kai. Abokina ya ɗauki gutsure ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce don Allah kada in ba Inna wannan labarin.

Bayan mun sauko daga masallaci muna cin kifi, sai ya ce saura abu ɗaya ban gani ba, babbar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar yamma ta haɗu da ta gabas. Inna tana jinmu daga bukka. Ta tambaya ko nan ne jirgin da ke zuwa bakin teku yake tsayawa. Ya ce nan ne. Ta ce za ta je ta gani.

Tun da ya dawo da ita Sinnar ba ta taɓa cewa a kai ta ko'ina ba. Muka nemo karo, muka shimfiɗa mata tabarma a kai. Da ta fito sai ga ƙunshin nan a hammatarta. Abokina ya dube ni, na dube shi. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai.

Tashar tana da ɗan nisa da gari. Gini ne dogo na bulo mai baranda, kuma barandar cike take da mutanenmu. Alhazai ne daga yamma, sun sauka daga jirgin da ya kawo su suna jiran na gabas. Wasu sun kwana biyu a wurin, wasu sun fi haka. Sun jera kayansu a jikin bango, sun kafa duwatsun murhu a gefe, mata na dama fura, wani tsoho na ɗinke takalmi. Akwai Barebari, akwai Kanawa, akwai Fulani. Inna ta bi su tana gaisuwa tana tambayar kowa garinsu, har ta iske wata mata mai matsakaicin shekaru wadda ta ce daga wajen Wurno take. Nan Inna ta zauna a ƙasa.

Ban matsa kusa ba, amma ina jin wasu daga cikin tambayoyinta. Ta tambayi wata rijiya. Ta tambayi ko har yanzu kasuwa na ci a ranar da ta sani. Ta kira sunayen mutane, matar ta san jikokin wasu, wasu kuwa ba ta taɓa jin su ba. Sannan na ga Inna ta ɗaga kai ta dubi rufin barandar, ta shafa bangon da matar ke jingine da shi, ta tambaye ta ko a nan suke kwana. Matar ta ce a nan, ai da ba don ginin nan ba da rana ta gama da su.

Ana cikin haka jirgin ya iso, da hayaƙi da kuwwa. Wurin ya hargitse. Kowa ya suri kayansa, ana miƙa yara ta taga, ana kiran sunaye. Inna ta miƙe da ƙunshinta ta nufi tarago. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma waiwaye mu ba. Abokina ya yunƙura zai tare ta, na riƙe masa hannu na ce ya bari. Na bi ta a baya.

Ta isa ƙofar taragon ta kama ƙarfen. Matakalar tana da tsawo, ta kai mata gwiwa. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sake, tari ya kama ta, ta tsaya riƙe da ƙarfen har ya lafa. Mutane na ratsawa ta gefenta suna hawa.

Na ce mata, "Inna, in kin ce a ɗaga ki, ni zan ɗaga ki. Kuma tare za mu tafi."

Ba mu da tikiti, ba mu da takardun fita, ba mu da guzuri, kuma ni mutum ne da ba na zuwa kasuwar ƙauye ban shirya tun jiya ba. Amma da gaske na faɗa, ta kuma san da gaske nake. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Kai da ko butar alwala ba ka ɗauko ba," in ji ta.

Ta saki ƙarfen. Ta tsuguna a nan bakin jirgi ta kwance ƙunshin da hannunta. Farin yadi ne a ciki wanda ya koma ruwan ƙasa, da allura, da ɗan ƙoƙo, da wani carbi na itace da hannu ya goge shi har yana sheƙi. Ta ɗauki carbin ta miƙa wa matar nan ta Wurno, wadda ta riga ta hau tana leƙowa ta taga. Ta ce na mijinta ne, ya fito don ya je, ta taimaka ta kai shi, ta ja shi a can ko sau ɗaya, sannan ta bar shi inda ta ga dama. Matar ta karɓa da hannu biyu ta rataya a wuya, tana kuka. Inna ba ta yi kuka ba. Abokina ne ya juya mana baya yana duban wani tarago da babu komai a cikinsa.

Muka tsaya har jirgin ya tashi, har hayaƙinsa ya ɓace ta wajen madatsar ruwa. A hanyar komawa mai karo ya yi ta magana da jakinsa. Da muka isa gida Inna ta shiga bukkarta, ta yi magariba, ta ci tuwo kaɗan. Ba ta ce komai a kan ɗaki ba, mu ma ba mu tayar ba. Na kwanta ina ganin na zo na koma hannu wofi.

Ranar Asabar da safe na ɗaure kayana na je yi mata sallama. Na iske ta zaune a waje, ta naɗe tabarmarta. Ta ce kafin in tafi in ɗauki tsohon gadonta in kai cikin ɗakin, sabon kuwa a ba yara, ita ba ta san shi ba. Sannan ta kafa mana sharuɗɗa, kuma a jere ta kawo su, har na ji daɗi. Kada a rushe bukkar. Kada a rufe ƙofar ɗakin da rana. Kada a sa mata kaya cikin akwati.

"Na ga masu tahiya kwance ƙarƙashin bulo, kuma jirgi ya zo sun hau," in ji ta. "In nawa ya zo, ku dai kada ku sa ni neman kaya."

Ni da abokina muka ɗauki gadon, ba shi da nauyi ko kaɗan, amma muka riƙe shi mu biyu. Ta shigo a bayanmu da ƙafar dama tana bisimilla. Ta dubi rufin kwanon ta ce idan ruwa ya sauka wannan abu zai hana ta barci da surutu. Abokina ya ce zai shimfiɗa ciyawa a kai. Ta ce to da ya yi hakan tun farko.

A tashar lori na tarar da maƙwabcina an cire masa haƙorin, bakinsa ya dawo. Tun daga Sinnar ya fara ba ni labarin likita da abin da likita ya ce da abin da shi ya mayar masa. Mun yi kamar rabin hanya sai hadarin nan da ke bin mu tun ranar Alhamis ya haɗu ya yi baƙi, iska ta taso, ruwan farko ya sauka. Wanda ya san baƙar ƙasar Jazira ya san abin da ya biyo baya. Lori ya nutse har gindi, muka sauka duka muna turawa, laka har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi bai dawo ba. Kowa na tsine wa hanya. Ni kuwa ina turawa ina jin ruwa na dukan bayana, raina fari, har maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya.

Mun shiga ƙauye gab da magariba, a jiƙe. Washegari a ƙofar masallaci wasu suka tambaye ni ko gaskiya ne abokina ya gina bulo a birni, ya fasa hanya. Na ce ya gina, kuma Inna na ciki, wanda ke da magana ya je ya faɗa a gabanta. Ba wanda ya ƙara.

Abin da na gani a tafiyar nan shi ne madatsar ruwa, da kasuwa, da kufan sarakuna, da tashar jirgi, kuma duk sun cancanci a je a gani. Abin da na koya kuwa ɗaya ne. Na je da hujjoji a jere don in shawo kan tsohuwa, ba ko ɗaya da ya yi aiki, domin ba hujja take nema ba. So take a bar ta ta isa bakin jirgi da ƙafarta, a tsaya a bayanta, ita ta yanke. Direban lori ya zo jiya da saƙon baki daga Sinnar. Ya ce an yi ruwa sau biyu, tarin ya ragu, kuma Inna ta ce a gaya mini ɗakin ba laifi, amma kwanon yana da surutu.